Akwai gidan tarihin masana'antu irin na Ingila a Kano da zan kai yarana?

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana yaran nan ya yi musu albarka. Naga tambayarki, kince ƙaninki da yake karatu a Birmingham ya turo muku bidiyon wani gidan tarihi na fili da ya kai iyalinsa, ga maƙeri yana ƙera sarƙa a gaban mutane, ga ramin haƙar kwal ana shiga da 'yan kallo, ga tsofaffin shaguna da motocin da, shi ne yaranki suka tasa ki a gaba sai an kai su irinsa, kina so ki san ko akwai a nan Kano, in kuma babu to ina ya kamata ki kai su a wannan hutun. Ni tarihi nake koyarwa a sakandare kuma na daɗe ina fita da ɗalibai cikin gari, to bari in amsa miki a tsanake, sai dai ki yi haƙuri don amsar zata yi ɗan tsawo.

Maganar gaskiya irin wancan mai katanga guda da geti guda, ki yanki tikiti ki shiga ki wuni, babu shi a Kano. Wajen da ƙanin naki ya je, daga yadda kika siffanta shi, Black Country Living Museum ne, yana garin Dudley kusa da Birmingham, an buɗe shi a 1978. Abin da suka yi shi ne lokacin da masana'antun yankin suka fara durƙushewa ana ta rushe tsofaffin unguwannin ma'aikata, sai suka riƙa kwance gidaje da shaguna da maƙeru bulo bayan bulo, su kwaso su zo su sake ginawa a fili ɗaya yadda suke a da, sannan suka ɗauki mutane aiki suna sa kayan zamanin suna nuna yadda ake aikin. Suna da ire-irensa, akwai Beamish a arewa maso gabashin Ingila, akwai na Ironbridge inda gadar ƙarfen nan ta 1779 take wadda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1986, asalin dabarar ma daga Suwidin ta fito, Skansen da aka buɗe a birnin Stockholm a 1891. A Najeriya abin da ya ɗan yi kama da shi yana Jos, a harabar gidan tarihin da aka buɗe a 1952 an gina kwaikwayon ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya, amma shi gine-gine ya fi mayar da hankali a kai.

To amma ki lura da abin da ya kama yaranki a bidiyon nan. Na tabbata ba bango bane ya burge su, mutum suka gani yana aiki da hannunsa, wuta tana ci, ƙarfe yana lanƙwasa. Su can sai da sana'ar ta mutu sannan suka gina mata waje suna biyan mutum albashi ya nuna yadda ake yi a da. Mu a cikin birnin Kano har yau akwai masu yin irin waɗannan sana'o'in kuma da su suke ciyar da iyalinsu, sun yi rauni ƙwarai kam amma suna nan da ransu. Don haka shawarata ki tsara fitar taku a kan masu aikin, inda za'a tarar da mutum yana yi, a gaishe shi a tsaya a kalla a yi tambaya, gine-gine su biyo baya.

In waje ɗaya tak zaki iya zuwa to ki kai su marinar Ƙofar Mata, tana nan dab da asibitin Murtala. Ana danganta kafuwarta da shekarar 1498, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ramukan sun haura 100 amma kada ki yi mamaki in kin tarar 'yan kaɗan ne ake aiki a cikinsu, sauran sun bushe ko ƙasa ta cike su, wannan ma kansa abin nuna wa yara ne. Zurfin ramin yakan kai mita 6, wannan ki riƙe shi da kyau saboda ƙananan, bakin ramin daidai yake da ƙasa babu wani shinge, duk yaron da bai kai shekara bakwai ba hannunsa ya zama yana cikin na babba tun daga shiga har fita, kuma banda guje-guje.

Abin da ake zubawa a ramin ba shi da yawa, ruwa ne da baba da toka da kanwa, a juya da doguwar muciya a rufe da murfin nan mai tsini da ake saƙawa, a bar shi kwanaki yana ruɓa ana zuwa ana motsawa har ya nuna, marini yana gane ya nuna daga kumfar da ta taso da launinta da kuma warinta. Ga inda nake so ki tsaya da manyan yaran, musamman in akwai mai yin kimiyya a makaranta. Launin da yake cikin baba baya narkewa a ruwa haka kawai, in kika jiƙa shi kika tsoma ƙyalle ba abin da zai kama. Toka da kanwa su suke sa ruwan ya yi kaifi, sai wasu ƙananan halittu da ido baya gani su yi ta aiki a cikin ramin suna cinye iskar oksijin da ke ruwan, da haka launin yake sauya kama ya koma wani iri mai narkewa wanda zai iya shiga cikin zare. Shi ya sa in marini ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago zakiga ya fito kore-kore da ɗan ruwan ɗorawa, yana shan iska kuma a gaban idonki sai ya juye ya zama shuɗi, iskar ce ta mayar da launin yadda yake tun farko kuma yanzu ya maƙale a cikin zaren ya daina narkewa. A sake tsomawa a sake ɗagowa, haka za'a yi ta yi, gwargwadon yawan tsomawa gwargwadon duhun, daga shuɗi mai haske har ya kai wanda marina suke ce wa baƙi. Wallahi ban taɓa kai ɗalibai wajen nan aka ɗago ƙyalle ya juye ba tare da sun yi ihu ba, kuma wanda ya ga wannan da idonsa in an zo darasin a aji baya mantawa.

Ki ce musu su dubi wandon jins ɗin da suke sawa, launin nan ɗaya ne da na baba, bambancin kawai na jins a masana'anta ake haɗa shi. Kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da na haɗi a 1897, daga nan kasuwar baban da ake nomawa ta fara faɗuwa a duniya, Indiya ta fi kowa jin jiki, mu ma daga baya abin ya iso mu tare da yadin kanti mai araha. Rinin shaddar da kike gani ana yi a unguwanni cikin durom da ruwan zafi da safar hannu, wannan rinin zamani ne na kemikal, sana'a ce mai kyau tana ciyar da dubban matasa amma hanyarta daban da ta karofi, wato ramukan rini na gargajiya, yana da kyau yara su san bambancin.

Dabarar da nake ba iyaye ita ce ki taho da fararen hankici ko farar singileti ta auduga zalla, kowane yaro da nasa, don roba-roba bata shan baba. Ki yi magana da marinin da kuka tsaya wajensa ku daidaita a kan kuɗi tun kafin a fara, ya nuna musu yadda ake ɗaure ƙyallen da zare don ya fito da zane, in ya amince ma yaron ya riƙe gefe a tsoma tare. Hannu zai yi shuɗi na kwana biyu, ba komai bane zai fita, amma dai kada a sa musu kayan sallah ko fararen kaya ranar. Zanukan da ke jikin zannuwan da aka shanya kowanne da sunansa, ki sa yaran su tambaya, kuma ki gaya wa 'yan matanki cewa yawancin ɗaurin nan mata ne suke yinsa a cikin gidaje sannan a kawo marina. Tun asali ma sana'ar tufafi a ƙasar nan rabinta a hannun mata take, su suke gurzar auduga su cire angurya, su yi shiɓa, su kaɗa zare da mazari, sannan masaƙa su karɓa, sannan marina, sannan maɗinka, unguwar Soron Ɗinki ba a banza ta samu sunanta ba.

Kafin ku fita ki tambaya a kai ku mabuga, zaki ma ji ƙarar tun daga nesa. Mutane ne zaune sun shimfiɗa tufa a kan gungume suna dukanta da manyan guduma na itace, hannu yana sauka bi da bi ba mai karo da wani, har tufar ta kwanta ta ɗau sheƙi, in an barbaɗa shuni aka buga sai ta yi wannan ƙyallin na rawani ɗan Kura da turkuɗin da Buzaye suke naɗawa har ya rina musu fuska. A bar yaro ya ɗaga gudumar sau ɗaya ya ji nauyinta, daga nan zai san abin da ake nufi da mutum ya wuni yana bugu. Kuma kada su ɗauka ƙaramar harka ce ta unguwa, Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya ƙiyasta tufafin da ake fitarwa daga garin nan duk shekara sun kai na wuri miliyan 300, wato kuɗin wancan zamanin, ana kai su har Timbuktu da Ghat da Murzuk da Tarabulus, ya kuma lura cewa aikin a cikin gidaje da iyalai ake yinsa ba a manyan masana'antu irin na Turai ba.

Akwai wani abu da nake son nuna wa ɗalibai a nan wanda ba kowa yake kula da shi ba, yadda sana'o'in suke riƙe da juna. In ruwan rami ya mutu ana kwashe dagwalon da ya kwanta a ƙasa, shi ake kira katsi, a busar a ƙona, a haɗa shi da gashin da majema suka kankare daga fatar akuya da ruwan wani tsiro mai yaɗo da ake kira dafara, sai ya zama laso, shi ne simintinmu na da. Da shi ake shafe cikin ramin rinin kansa don kada ruwa ya tsiyaye, da shi magina suke shafe rufin soro don damina. Kinga sharar marini da sharar majemi sun zama kayan aikin magini, ba abin da aka zubar.

Wannan ya kawo mu maganar majema, akwai ta wajen Ƙofar Wambai inda har yanzu ake jima ta gargajiya. Tarihinta babba ne, fatar jar akuyar nan ta ƙasar Sakkwato da ake jemewa a garuruwanmu ita ayari yake ɗauka ya keta sahara, in ta isa Turai ta hannun 'yan kasuwar arewacin Afirka sai a riƙa kiranta fatar Maroko, da ita suke yi wa littattafai masu tsada bango. Ana jiƙa fata a ruwan toka gashi ya saki a kankare, a sa ta a kashin tattabaru ta yi laushi, sannan a jeme ta da bagaruwa, in ja ake so a rina da karan dafi. Sai dai zan gaya miki gaskiya, warin wajen yana da ƙarfi sosai kuma ƙasan a jiƙe take, in kina da goyo ko mai asma ko mai juna biyu a cikinku to ku bar majema, ku je wajen dukawa a kasuwar Kurmi a ga inda fatar take ƙarewa, jaka da takalmi da titimi da kube da kayan doki. Samari 'yan sakandare su kam a kai su, babansu ko kawunsu ya shiga da su.

Ita Kurmi ai kin santa, Rumfa ne ya kafa ta a ƙarni na 15, amma zuwa cefane daban zuwa da yara kallo daban. Lungunan a matse suke ga masu kura da babura, don haka a shiga da safe kafin ta cika, a nufi layi biyu ko uku kawai a fito. Ki nemi a nuna muku maƙera don shi ne ainihin abin da yaran suka gani a bidiyo. A sa su koyi sunayen kayan daga bakin maƙerin, zugazugi da uwar maƙera da masaba da awartaki, su ga yadda yaron maƙera yake zuga wuta ƙarfe ya yi jajir a ɗora a daka ya zama lauje ko ruwan fartanya, su tsaya nesa kaɗan saboda tartsatsi. Akwai maƙeran baƙi masu aikin ƙarfe, akwai maƙeran fari masu azurfa da tagulla da ke yin zobe da munduwa da adon linzami. Yau da tsohon ƙarfen mota suke aiki, amma da daga dutse ake fitar da ƙarfen, a haƙo tama a narka ta da gawayi, kuma dalilin zaman garin nan kenan tun farko. Labarin da aka gada yana cewa maƙera ne Abagayawa suka taso daga Gaya suna neman tama suka same ta a wajen Dala suka zauna, masu tonon tarihi kuma sun samu wajen narka tama a gindin dutsen wanda awo ya nuna ya kai ƙarni na 7. In yaran suna da ƙarfi ku hau Dala, akwai matakala, amma sai da sassafe ko bayan la'asar, daga sama ana ganin Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallaci da yadda tsohon gari ya kwanta. Da ƙananan yara ni bana ba da shawarar haɗa Dala da sauran a rana ɗaya, gajiya zata sa su tsani fitar gaba ɗaya.

Idan rana ta take sai ku fake a Gidan Makama, yana kusa da fadar Sarki, ginin ƙasa ne mai sanyi wanda asalinsa tun zamanin Rumfa, Turawa sun yi ofis a cikinsa bayan sun ci Kano a 1903, yanzu yana hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi da kayan sana'o'i da hotunan Kano ta da, kuma akwai ma'aikata masu zagayawa da baƙi, ki nemi ɗaya ya yi muku bayani da Hausa. Na fi so a zo nan bayan an ga marina da maƙera, don yaron da ya ga ana aiki da abu da safe in ya gan shi a ajiye a bayan gilashi zai gane shi, in kuwa da nan aka fara kallo ɗaya zai yi ya wuce. Ki sa su ɗaga kai su kalli rufin, azara ce ta giginya aka jera aka ɗaure aka yi baka ba ƙarfe ba siminti. Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa ya fara makarantar boko a 1909, shi ma yana da kyau amma a bar shi sai wata fitar.

Saura ɓangaren da ya fi damuna, wato zamanin inji, don shi ne namu da yake salwanta ba wanda yake adanawa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suka sa rai za'a riƙa loda musu zuwa masaƙun Ingila, sai manomanmu suka duba suka ga gyaɗa ta fi riba kuma ko ba'a saya ba ana ci, daga 1912 gyaɗa ta ɓarke. 'Yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata wanda ya rasu a 1955 suka shiga saye, buhuna suka fi ƙarfin taragun jirgi har aka koma jera su ana yin dala, ana cewa dala guda takan ci buhu 15,000, kuma duk a ka da kafaɗa 'yan dako suke hawa da su. Fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 da kuma hankalin gwamnati da ya koma kan man fetur suka kawo ƙarshen abin. Yau in kika je filin dalar gyaɗa na Ƙofar Mazugal sunan ne kawai ya rage. Haka Bompai da Sharaɗa da Challawa, masaƙu da kamfanonin mai da na fata da na alawa da suka ɗauki dubban mutane aiki, daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da matsalar wuta da shigowar kayan waje da yawansu suka rufe. Da za'a samu masu kishi su ɗauki ko shed ɗaya na reluwe da tsohon kan jirgi da injin saƙa biyu uku, a kira tsofaffin ma'aikata su riƙa bayani, da mun yi irin na Dudley ɗin nan da kayanmu, kuma ina roƙon Allah ya nuna mana kafin a gama sayar da injinan a matsayin gwangwan.

Kafin nan ga abin da zaki iya yi, kuma a ganina shi ne mafi amfani a duk abin da na faɗa. Ki duba a danginku ko na maigidan ko maƙwabta, da wuya a rasa dattijon da ya yi aikin reluwe ko masaƙa ko dakon gyaɗa, ko tsohuwar da ta yi kaɗi. Ki roƙe shi ya biyo ku, a ba shi gaban mota, a hanyar komawa gida a bi ta tashar jirgin ƙasa a zaga ta Bompai a hankali yana nunawa yana ba da labari, nan muke shiga, ƙarfe kaza ake busa jiniya, nawa ne albashi, me ya faru ranar da aka rufe. Ki sa babban cikin yaran ya ɗauki muryarsa a waya da izininsa. Gidajen tarihin can ma da irin wannan suka ginu, sun bi tsofaffin ma'aikata sun naɗi bakinsu kafin su mutu. Kuma basa ɓoye wahalar, a Dudley suna ba da labarin matan Cradley Heath masu ƙera sarƙa da suka yi yajin aiki a 1910 saboda ƙarancin lada, har ginin da aka yi da ragowar kuɗin yajin sun ɗauko sun kawo cikin gidan tarihin. Mu ma manyan yaranmu ya kamata su ji cewa arzikin Kano na da akwai gumin bayi a cikinsa, a gandaye da wajen sana'o'i, kuma kafin 1903 ana sayar da mutane a kasuwa, a faɗa musu a natse daidai hankalinsu.

Batun shiri kuma, ki guji ranar Juma'a saboda cunkoson masallaci kuma masu sana'a da yawa suna tashi da wuri, ki guji ranakun hawan sallah don hanyoyin wajen fada a rufe suke. Asabar da safe ko tsakiyar mako tunda hutu ake ya fi, ku fito wajen ƙarfe takwas da rabi. Lokacin sanyi ya fi daɗin yawo, in a bazara ne kuwa daga Maris zuwa Mayu to komai ya ƙare kafin azahar. Waje uku ya isa a rana, misali marina da Kurmi da Gidan Makama, kada a yi haɗama. Mota a samu waje mai tsaro a ajiye ta a ɗauki shatar adaidaita sahu, don neman fakin a bakin Kurmi zai cinye muku awa guda. Manya biyu aƙalla, takalmi rufaffe, hula, ruwan sha mai yawa, kowa ya kewaya tun daga gida, kuma ki rubuta lambar wayarki a takarda ki sa a aljihun ƙananan. Abinci ba sai kin wahala ba, Jakara tana nan gefen Kurmi, a sayi gurasa mai zafi a yi bandashe, in an yi dace ma su ga yadda ake manna ta a cikin tanderu, ita ma sana'a ce mai tarihi da ta zo mana ta hanyar Larabawan da suka zauna a birni.

Sai ladabi, don Allah wannan ki ja musu kunne tun a gida. Wuraren nan ba wajen wasa bane, wajen neman abincin bayin Allah ne. A yi sallama, a gaida manya yadda ya kamata, Baba sannu da aiki, Allah ya ba da sa'a, kada a ɗaga waya a fuskar mutum sai an nemi izini, kada a taɓa kayan da aka shanya don na masu shi ne. Ki riƙe tsabar kuɗi ƙanana-ƙanana don ba kowa ke karɓar tiransifa ba, duk wanda ya ajiye aikinsa ya yi muku bayani a sallame shi da abin kirki, kuma a sayi wani abu ko ƙarami ne, ɗan zane ko jaka ko 'yar wuƙar kicin, a yi ciniki amma banda taya wulaƙanci, kinga da idonki awa nawa aikin yake ci. Cinikin nan shi yake sa ɗan marini ya ga akwai dalilin zama ya gaji ubansa.

In fitar ta yi musu daɗi suka nemi ƙari, Kura tana nan a hanyar Zariya don rini da bugu, Minjibir kuma don saƙar hannu, amma su sai kin samu ɗan gari ya yi muku jagora ya sanar da masu aikin kafin ku je. Ƙyallayen da yaran suka rina kuma in kun dawo gida a shanya su a inuwa su bushe sosai, wankin farko da na biyu a yi shi daban da ruwan sanyi ba tare da omo mai ƙarfi ba, don zai ɗan zuba kafin ya zauna.